Jarkar Mota a Baƙaƙen Duwatsu

Duk Juma'a in na zauna shan shayi bayan tashar jirgin metro ta Abbasiya a Alƙahira, sai ɗalibanmu Hausawa masu karatu a nan sun tsokane ni. "Usta Haruna, kai kam ka more. Ka zauna cikin esi kana murza sitiyari, ga teku a gefe, Turawa na ɗaukar ka hoto. Mu ma in hadda ta gagara wajenka za mu dawo." Usta kuwa haka ake kiran direba a nan. Nakan yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kallon kitse suke wa rogo. Su dai sun san kwaltar bakin Bahar Maliya, wadda ko makaho zai bi in an ɗora masa hannu a kan sitiyari. Aikina ba a kwalta yake ba. Yana farawa ne daga inda ka karya kan mota dama, ka ba teku baya, ka shiga tsakanin duwatsun nan baƙaƙe da masana ke cewa aman wuta ne ya daskare tun duniya na ɗanya.

Ni haifaffen Gadarif ne a Sudan. Kakannina da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, hanya ta ajiye su a can. Babbar mota na fara ja zuwa Port Sudan, daga baya na gangaro Alƙahira na samu aiki a wani ƙaramin ofishin yawon buɗe ido a Wustul Balad, tsakiyar birni. Na zo ina ganin na iya tuƙi. Sai aka haɗa ni da Ammu Salim, wato Baffa Salim, wani tsoho ɗan ƙabilar Ababda, mutanen waɗannan duwatsu, aka ce shi ne ubangidana. Ranar farko da muka shiga kwari, wanda su ke kira wadi, ya ce in sauka. Na zaci taya ce ta yi faci. Ashe tafiya zan yi a gaban mota da ƙafa, ina kawar da duwatsu masu kaifi, shi yana biye da ni a giya ɗaya yana shan sigarinsa. Wata uku ina wannan. Takalmi biyu na kashe kafin ya yarda na taɓa sitiyari a cikin wadi, ya ce wanda tafin ƙafarsa bai san dutse ba, tayarsa ce za ta koya masa.

A wajensa na koyi cewa yashi da baƙin dutse ba sa shan inuwa ɗaya. Yashi yana son ka sassauta iskar taya ta baje. Baƙin dutse kuwa in ka shiga masa da taya mai laushi, gefenta zai tsarge kamar an sa aska. Don haka a wuni guda sai ka sauka sau huɗu, ka rage iska, ka ƙara iska, famfo a hannu, rana a ƙeya. Kayan aikinmu ba su da kyan gani: safaya biyu, jak da guntun katakon da za a ɗora shi, shebur, farantan ƙarfe na fitar da mota daga yashi, filaya, waya, tsohon tiyub, igiya. Sai dokoki biyu da Ammu Salim ba ya wasa da su. Ta farko, ba a shiga da mota ɗaya. Ta biyu, ruwa kashi biyu ne, na mutane daban, na mota daban, kuma jarkar mota ko uwarka ce ta roƙa ba ka buɗe ta.

Shekara goma ina ɗaukar Jamusawa da 'yan Italiya, da wasu masu nazarin duwatsu da ke zuwa da 'yan gudumominsu. Bature ba shi da wuyar lissafi a wajen ruwa. Ka ba shi kwalbarsa, zai sha, zai rufe, in za shi bayan dutse takarda yake ɗauka. Lita biyar ga kowane kai a wuni, ban taɓa dawowa da jarka a bushe ba. Ni kuma sallata a gefe nake yi, in buga taimama a kan dutse, ba mai kallona balle ya tambaye ni. Haka na saba har na manta cewa wannan lissafin na Turawa ne, ba na kowa da kowa ba.

Sai shekarar 2011 ta zo, aka yi juyin juya halin nan na dandalin Tahrir, baƙi suka ɗauke ƙafa kamar an share su. Ofishinmu ya rufe. Ammu Salim ya koma wajen 'ya'yansa da raƙumansa, abokin tafiyata mai mota ta biyu ya sayar da ita ya koma tasi. Ni na riƙe Land Cruiser ɗina ina ɗan jigilar marasa lafiya 'yan Nijeriya daga filin jirgi zuwa asibitocin unguwar Dokki. Mota mai hawa dutse ta koma tsayuwa a cunkoson gada.

A watan Mayu na shekarar da ta biyo, wani Dakta Bala ya neme ni. Malamin jami'a ne daga Nijeriya, yana ƙaro karatu a kan duwatsu, yana so a kai shi cikin tsaunukan da ke bayan garin Kusair ya ɗebo samfuri. Wuni ɗaya kawai, a shiga da safe a fito kafin magariba. Na ce masa mota ɗaya gare ni. Ya ce ai ba nisa. Na san amsar da Ammu Salim zai bayar, amma na yi wata goma sha biyar ban ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayata ba, sai na ce tamam, na yarda.

Ranar tafiya ya zo da mutum biyu. Ɗaya kawunsa ne, Malam Isyaku, dattijo mai kimanin shekara saba'in, limamin garinsu, wanda ya zo Masar ganin likita, yana kuma so ya ga tekun da Fir'auna ya nutse da idonsa. Ɗayan Ustaz Nura ne, magidanci mai karatun fiƙihu a nan, shi ke yi wa Malam tafinta a asibiti. Ban tambayi ciwon da ya kawo Malam ba. A wajenmu ba a titsiye babba da irin wannan tambaya, ka ce Allah ya ƙara sauƙi ka yi shiru.

Tafiyar bakin teku ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka bi ta Ain Sukhna, Zafarana, Ras Garib, teku a hagu shuɗi shar, duwatsu a dama suna ƙara duhu muna ƙara yin kudu. Malam Isyaku ya sa na tsaya, ya tattare rigarsa ya tsoma ƙafa a ruwa, ya ɗanɗana da yatsa ya tofar. "To, Fir'auna, ashe gishiri ka sha," in ji shi, muka yi ta dariya. Muka kwana a Kusair. Da asuba na cika jarka biyu, fara ta sha mai lita ashirin, mu huɗu, da shuɗiya ta mota ita ma lita ashirin. Lissafi ya cika daidai yadda na saba.

Da hantsi muna cikin wadi na biyu Dakta ya ce a tsaya, ya fita da gudumarsa. Ustaz Nura ya zagayo bayan mota da buta a hannu. Ban ma san sun zo da buta ba, ko da yake wane Bahaushe ne zai yi tafiya ba ita?

"Usta, wacce ce ba ta sha ba a cikin jarkokin nan?"

"Shuɗiyar," na ce.

"Madalla, kada mu ɓata na sha."

Ya buɗe ta ya cika buta. Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshena, amma ta ƙi fita. Ni da ban wuce izu biyu ba, direba, in ce wa mai karatun fiƙihu kada ya yi tsarki da ruwa? A gaban limami? Na ce a raina buta ɗaya ce, ba za ta kashe kowa ba.

Ba ɗaya ba ce. Ya dawo daga bayan dutse ya sake cikawa ya yi alwalar walaha. Dakta ya gano jarkar a buɗe take, ya riƙa ɗiba yana wanke duwatsunsa don ya ga launinsu, ja da baƙi da wani mai ɗigon fari. Da rana ta take, Ustaz ya jiƙa rawanin Malam don ya ji sanyi, abin kirki ne, wa zai hana? Azahar ta yi muka tsaya a gindin wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo. Malam Isyaku ya yi alwalarsa da ɗan ruwan da bai cika kofi biyu ba, irin ta tsofaffin malamai. Ustaz Nura kuwa mai wasiwasi ne, ya wanke hannu ya koma ya sake, ya kai ƙafa ya ce ya yi shakkar fuska, ya faro daga farko. Ina tsaye ina kallon ruwan motata yana shigewa cikin tsakuwa. Sannan aka miƙo mini butar. Na karɓa na yi alwala da ruwa, ni da na shekara goma ina taimama a wannan wuri, don kunyar kada su ga kamar ban san addini ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi muka juyo. Muna gangarowa wani wuri da tsakuwar ta zama fale-falen baƙin dutse, sai na ji ƙas a ƙarƙashin mota. Na saurara, ban ji komai ba, na ci gaba. Da Ammu Salim ne, da ya tsaya ya leƙa. Ban yi minti biyar ba na ga allurar zafi ta haye ja, wari ya taso. Na kashe inji na yi tsalle na fita. Wani falle ne taya ta taka ya miƙe tsaye, ya yanke tiyon ƙasa na lagireto. Na waiwaya na ga layin danshi a bayanmu har inda ido ya tsaya, rana tana lashe shi.

Ɗinkin bai ba ni tsoro ba. Na jira inji ya huce, na shiga ƙarƙashi, na yanko tiyub na naɗe tiyon, na ɗaure da waya na murɗe da filaya. Dutsen da na kwanta a kai ya ƙona mini baya ta cikin riga. Abin da ya ba ni tsoro shi ne lokacin da na ɗaga shuɗiyar jarka na ji ta taso da hannu ɗaya. Abin da ke ciki bai fi lita huɗu ba. Farar kuma mun sha, mun dafa shayi, saura kamar takwas. Injin nan yana son abin da ya haura goma kafin ya yarda ya yi tafiya. Tsakaninmu da kwalta tafiyar awa uku ce a irin wannan hanya, waya ba ta kamawa, kuma a shekarar nan ba mai shiga wadi, ko masu yawon buɗe ido ko masu sintiri.

Dakta Bala ya ja ni gefe, ya rage murya. "Usta, akwai magana. Kawu ciwon ƙoda ne ya kawo shi. Likita ya ce abin bai yi nisa ba, amma kada ya kuskura ya bari ƙishirwa ta kama shi. Kuma tun safe ina lura, ba ya sha sosai, ba ya son ya riƙa tsayar da mota don fitsari a gabanmu."

Na dube shi. "Dakta, sai yanzu kake gaya mini?"

"Ma'alish, yi haƙuri. Na ga wuni ɗaya ne."

Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma da wuni ɗaya ne na yaudari kaina. Ina tsaye da jarka biyu a gabana ina auna su da ido. In na ba mota, tsoho zai bushe. In na ajiye wa tsoho, za mu zauna a nan har ruwan ya ƙare, mu bushe mu huɗu. Ina cikin haka na ji motsi, na juya, sai ga Ustaz Nura ya sunkuya da buta, wai la'asar ta gabato.

Ban san lokacin da na fizge butar ba. "Wallahi ba mai ƙara taɓa ruwan nan! Ga dutse nan, kowa ya buga taimama. Ruwan da kuka yi ta wanka da shi tun safe na mota ne, shi ne ranmu!"

Wadi ya amsa muryata. Ustaz ya yi tsuru-tsuru, ya fara cewa ai da sharuɗɗa kafin a bar ruwa a koma ga ƙasa. Malam Isyaku, da ke zaune a 'yar inuwar mota, ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Sannan ya dube ni.

"Haruna, zo nan. Tun yaushe ka san ruwan nan na mota ne?"

"Tun asuba, Allah gafarta Malam."

"Ka ga yaron nan ya ɗiba da hantsi?"

"Na gani."

"Ka ga mun yi alwalar azahar?"

"Na gani. Na ji nauyi ne, Malam."

Ya girgiza kai. "Nauyin me? A masallaci ni ne limaminka. A nan kai ne namu. Limamin da ya ga sahu ya karkace ya yi shiru don kunya, ai shi ya ɓata sallar. Da ka faɗa da safe, da ni zan fara buga dutsen nan." Ya juya ga Dakta. "Ku zuba wa mota. Ku rage abin da za a jiƙa maƙogwaro."

"Kawu, likita ya ce..."

"Likita yana Dokki. Yalla, ku zuba."

Na cika kwalba ɗaya babba na ajiye, sauran duka na ɗura wa lagireto, har da na cikin butar. Ban rufe murfinsa gam ba, don kada ƙarfin tururi ya fasa ɗinkin. Muka yi taimama a kan baƙin dutse, Malam ya ja mu sallah a zaune, muka tashi.

Wannan tafiyar ita ce mafi tsawo a rayuwata ta tuƙi. Na kashe esi, na kunna hita har ƙarshe don ta janye zafin inji, iska mai ƙuna tana bugun ƙafafunmu. Ido ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan allura. In ta matso ja sai in juya hancin mota wajen iska, in kashe, in buɗe bonet mu jira. Kowace tsayuwa sai na leƙa ƙarƙashi, in ga ɗinkin yana ɗiga, ɗis, ɗis, kowane ɗigo ina jin sa a ƙirjina. Mu uku muka haɗa baki ba tare da an yi magana ba, kowa ya taɓa kwalbar da leɓe ya miƙa wa Malam. A madubi ina ganin sa yana kai ta baki yana ɗagawa, ya ce alhamdulillahi, ya mayar. Hankalina ya ɗan kwanta, na ce ko ba komai tsoho yana sha.

A tsayuwa ta biyar na karɓi kwalbar don in ga abin da ya rage. Tana nan kusan yadda na cika ta. Ashe duk abin da muke yi masa, shi ma shi yake yi mana, yana toshe bakin kwalbar da leɓe.

"Malam, don girman Allah ka sha."

"Kai ke tuƙi," ya ce, muryarsa ta shaƙe. "In ka faɗi, wa zai fitar da su?"

Wannan karon ban ji nauyin kowa ba. Na ce da bakinsa ya ce ni ne limami, to na ba da umarni. Dakta ya tallafo kansa na ɗura masa rabin kwalbar. Amma leɓɓansa sun riga sun tsage, idanunsa sun faɗa, yana kiran Dakta da sunan wani ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Na koma sitiyari. Daga nan ban ƙara tsayawa don allura ba, na ce injin ya ƙone in zai ƙone.

Rana tana gab da faɗuwa muka hango teku ta bakin wadi, sai kwalta. Injin ya kai mu har kanta sannan ya yi tari ya mutu. Wata motar ɗaukar kifi ta tsaya, direban ya ga halin da tsoho ke ciki bai tambayi komai ba, ya ce a sa shi gaba. Aka yi masa ƙarin ruwa a Kusair, washegari aka wuce da shi Alƙahira.

Tun daga ranar ban sake shiga da mota ɗaya ba, ko da zan wuni ban ci ba. In mutanenmu zan ɗauka, jarka uku nake cikawa, ta ukun ta buta ce, in ta ƙare ta ƙare. Ta mota kuwa kwado nake sa mata. Kuma kafin in tayar da inji nakan juya in tambayi kowa, ko da rawaninsa ya kai tayar mota girma, wane ciwo gare ka, wane magani kake sha. Wasu suna jin haushi, har wani Alhaji ya ce ba ni da tarbiyya. Na ce na gode, Alhaji, amsa mini dai.

Bayan abin ya faru, sai da na yi kwana tara kafin na iya zuwa asibitin a Dokki, ina fama da jawo mota, ina kuma fama da rashin ƙarfin zuciyar haɗa ido da shi. Na tarar da Dakta Bala a bakin ƙofa. Ya ce ƙodar ba ta farfaɗo ba. An fara yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako, kuma haka zai ci gaba in ya koma gida har iyakar kwanansa.

Na shiga. Malam yana kishingiɗe, ya rame, robobi biyu sun fito daga gefen wuyansa. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗago kai. Na zo masa da ruwan roba mai sanyi guda shida a leda, don ban san me zan kawo ba. Ya leƙa ledar ya yi murmushi.

"Haruna, motar ta tashi?"

"Ta tashi, Allah gafarta Malam."

"To madalla. Mayar da waɗannan ka ba ta." Ya nuna wani ɗan ƙaramin kofi a kan teburi, an ja masa layi da biro a tsakiya. "Ni yanzu likita ya ce wannan sau huɗu a wuni, ko ɗigo kada in ƙara. Na yau kuwa na riga na shanye tun azahar."